Salamandar zamanin Jurasik: da gaske ne ba ta canza ba?

Nura: Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da warhaka. Tambayata ga masu ilimin burbushin halittu na wannan zaure ce. Akwai maganar da ake yawan maimaitawa, wai salamanda na cikin dabbobin da suka tsaya cik, yadda take a zamanin Jurasik shekaru miliyan 160 da suka wuce haka take har gobe. Hujjar da aka fi kawowa ita ce wata da aka tono a ƙasar Sin mai suna Chunerpeton, wadda aka ce 'yar gidan manyan salamandar nan ce ta Sin da Japan. Maganar nan tana nan daram, ko an samu abin da ya girgiza ta?

Hajara: Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa don Allah a taimaka wa irinmu. Na duba hotonta, ni dai ƙadangare na gani. Me ya raba su?

Malam Isiyaku: Malama Hajara, siffar ce kawai ta zo ɗaya. Ƙadangare fatarsa busasshiya ce mai ɓawo-ɓawo, yana da farce, ƙwansa yana da kwasfa, a tudu kuma yake saka shi. Ita salamanda 'yar'uwar kwaɗo ce. Fatarta laushi gare ta da damshi, har numfashi take yi ta cikinta, ba ta da farce, ƙwanta babu kwasfa sai wani yauƙi da ya lulluɓe shi, kuma da yawa daga cikinsu a ruwa suke fara rayuwa yadda talibambam yake yi. Dabbobin da ke rayuwa tsakanin ruwa da tudu a yau gida uku ne. Kwaɗi sun fi yawa nesa ba kusa ba, nau'i sama da 7,000. Salamanda wajen nau'i 800, kusan dukansu a arewacin duniya. Sai sisiliyan, marasa ƙafa masu zama cikin ƙasa, nau'i 200 da 'yan kai.

Malam Bashir: Nura, ni ina cikin masu cewa maganar tana da tushe, bari in faɗi dalilina. A 2003 Gao Keqin na Jami'ar Peking da Neil Shubin na Jami'ar Chicago suka bayyana Chunerpeton a mujallar Nature. An samo ta ne a Daohugou, yankin Mongoliya ta Ciki a ƙasar Sin. A zamanin Jurasik wurin tafkuna ne, ga duwatsu masu aman wuta a kewaye, toka tana zubowa tana binne duk abin da ya nutse. Tokar nan mai laushi ce ƙwarai, shi ya sa ba ƙashi kaɗai ya rage ba. Ana ganin shatin jiki, ana ganin gaɓoɓin numfashin ruwa da suka fito ta gefen wuya, a wasu ma har abin da dabbar ta ci kafin ta mutu. A cikin tumbin Chunerpeton an ga ƙwarin ruwa, a cikin na wata maƙwabciyarta mai suna Jeholotriton an ga ƙananan halittun ruwa masu kwasfa biyu.

To ka ɗauki wannan dabba da ba ta kai santimita 20 ba ka ajiye ta kusa da salamandar yau. Kai mai faɗi, jiki dogo, ƙafafu huɗu gajeru, wutsiya. Wanda bai san komai ba ma zai ce jini ɗaya ne. Ka dubi dabbobin da suka yi zamani da ita a wannan yanki: ƙananan dainoso masu gashin tsuntsu, dabbobi masu fiffiken fata, kakannin dabbobi masu shayarwa. Duk waɗannan ko dai sun ƙare ko sun koma wani abu dabam. Ita kuwa tana nan da siffarta. In ba a kira wannan rashin canzawa ba, me za a kira shi?

Malama Rabi: Malam Bashir, duk abin da ka faɗa game da Daohugou haka yake. Inda muka rabu shi ne hukuncin da ka yanke. Kama da wane ba ta wane. Abin da Gao da Shubin suka ce ya wuce batun siffa, cewa suka yi Chunerpeton 'yar cikin gidan manyan salamanda ce, wato gidan da ya haɗa ta Sin mai kaiwa mita 1.8, da ta Japan, da ta kogunan gabashin Amurka. Wannan iƙirari ne babba, domin in ya tabbata to gidajen salamandar yau sun riga sun rabu da juna tun tsakiyar Jurasik. Kuma shi ne ainihin abin da aka dawo ana tantama a kai. Wasu masu bincike a Sin sun sake nazarin ƙarin samfura na Chunerpeton suka ce ba ta cikin wannan gida. Sannan a 2022 aka fito da wani aiki da ya ƙara dagula lissafin.

Aliyu: Anti Rabi, ni ɗalibi ne, a yi mini a hankali. In ba ta cikin gidan manyan salamanda, ai dai salamanda ce ko?

Malama Rabi: Salamanda ce, Aliyu, amma akwai bambancin da duk wannan muhawara take tsaye a kansa. Ka ɗauka duk salamandar da ke raye yau jikokin kaka ɗaya ne. Duk wanda ya fito daga tsatson wannan kaka, rayayye ko matacce, ɗan cikin gida ne. Amma ita kakar tana da ƙanne da yayye da 'yan'uwan iyaye, waɗanda zuriyarsu ta ƙare babu ko ɗaya a yau. Su ma dangi ne, sun fi kusa da salamanda a kan kwaɗo, sai dai ba jikokin kakar ba ne. Su ne nake kira na gefe. Tambayar ita ce, salamandar Jurasik 'yan cikin gida ne ko na gefe?

Akwai waɗanda kowa ya yarda na gefe ne. Mafi shahara ita ce Karaurus, wadda masanin Rasha Mikhail Ivakhnenko ya bayyana a 1978 daga duwatsun Karatau na Kazakistan, ƙarshen Jurasik. Tsawonta wajen santimita 20, kwarangwal ɗinta kusan cikakke. Daga nesa salamanda ce sak. Matso kusa ka dubi ƙoƙon kai, za ka ga ƙasusuwan samansa masu kauri ne, ga gurzai-gurzai da ƙananan ramuka a jikinsu, irin na tsofaffin dabbobin ruwa da tudu da suka gabace ta. Galibin salamandar yau ƙoƙon kansu sumul yake, mara nauyi, ƙasusuwa da dama sun ragu ko sun ɓace. Tana da 'yar'uwa a Kirgistan mai suna Kokartus wadda ta girme ta, daga tsakiyar Jurasik.

Malam Isiyaku: Ki ƙarasa mana maganar 2022 ɗin, Malama, ina ganin nan ne gizo ke saƙa.

Malama Rabi: To. Tun 1988 Susan Evans da abokan aikinta suka bayyana wata mai suna Marmorerpeton daga wata tsohuwar mahaƙar dutse a Kirtlington, kusa da Oxford a Ingila. Amma abin da suka samu gutsattsari ne. Irin wannan wuri, ƙasa ake kwasowa buhu-buhu, a jiƙa ta, a wanke, a tace, a shanya abin da ya rage, sannan mutum ya zauna gaban madubin ƙara girma yana tsintar ƙashi ɗaya bayan ɗaya da ɗan hantsaki. Yau ya ga guntun muƙamuƙi, gobe gaɓar ƙashin baya, kuma babu tabbacin na dabba ɗaya ne. Shekaru sama da 30 da haka kawai aka san Marmorerpeton.

Sai aka samu wasu a tsibirin Skye na Skotland, cikin dutse mai tauri ɗan shekaru miliyan 166, ƙasusuwan suna wuri ɗaya. Fasa dutsen zai lalata su, don haka aka sa shi a na'urar hoton ciki, irin wadda ke yanka hoto falle-falle, aka zaro kowane ƙashi a kwamfuta aka sake jera su. Marc Jones da Roger Benson da Susan Evans da sauran abokan aikinsu suka fitar da sakamakon a 2022, suka raɗa wa sabon nau'in suna Marmorerpeton wakei don tunawa da David Wake, masanin salamanda na Amurka. Dabbar ruwa ce mai faɗin kai da ƙaƙƙarfan muƙamuƙi, kuma ta tabbata 'yar'uwar Karaurus ce.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, da aka samu cikakken bayanin ta gefe guda ɗaya, sai aka gane wasu alamomin da ake ɗauka na 'yan cikin gida ne kaɗai ashe tsofaffi ne, na gefe ma suna da su. Da suka sake lissafin dangantaka da wannan sabon bayani, sai Chunerpeton da wasu takwarorinta na Sin suka faɗo waje, suka koma sahun na gefe. Ke nan abin da muke gani a Jurasik ba salamandar yau ba ce ta tsaya cik, wasu rassa ne da suka yi zamaninsu suka shuɗe.

Malam Bashir: Na ji, amma kar a sa wa jama'a a rai cewa an rufe babin. Lissafi ɗaya ne na rukuni ɗaya. Gao da Shubin sun bayyana Beiyanerpeton a 2012 daga lardin Liaoning, mai shekaru kusan miliyan 157, suka sa ta cikin gida, a wani babban reshe na salamandar yau dabam da na manyan salamanda. A 2016 Jia Jia da Gao suka ƙara Qinglongtriton daga lardin Hebei, ita ma a wannan reshe. Waɗannan mutane sun riƙe ƙasusuwan da hannunsu shekara da shekaru. Irin wannan lissafi kuma ya dogara ne da alamomin da ka zaɓa da dabbobin da ka sa a ciki. Ka sauya kaɗan, bishiyar ta sauya.

Ɗanladi: Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Kowa yana ta miliyan 160, miliyan 166, kamar an rubuta a jikin dutsen. Ta yaya aka sani? Na ji an ce gwajin kabon ake yi.

Malam Isiyaku: Tambaya ce mai kyau, Malam Ɗanladi, kuma gwajin kabon ba ya aiki a nan ko kaɗan. Rabin kabon-14 yana ƙarewa duk shekaru 5,730, bayan wajen shekaru 50,000 babu abin aunawa da ya rage. Don tsofaffin duwatsu, tokar dutse mai aman wuta ake nema. A cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin ma'adini da ake kira zirkon. Lokacin da zirkon yake daskarewa yana karɓar yuraniyom cikin jikinsa amma ba ya karɓar darma. Daga ranar yuraniyom ɗin zai fara rikiɗa zuwa darma a kan ma'auni sananne. Don haka darmar da aka tarar a ciki daga baya ta samu, kuma yawanta shi ke nuna tsawon lokacin. Abin da ya ƙara masa ƙarfi, yuraniyom iri biyu ne a ciki. Ɗaya rabinsa yana rikiɗa cikin shekaru biliyan 4.47, ɗayan cikin miliyan 704. In lissafin biyu ya zo ɗaya, an samu natsuwa. Sai a auna tokar da ke ƙasan burbushin da wadda ke samansa, shekarunsa suna tsakani.

Ba wai ba a samun saɓani ba. Daohugou ɗin nan an daɗe ana jayayya a kan shekarunsa, har wasu suka kai shi farkon zamanin Kiretashiyas, wanda ya biyo bayan Jurasik, saboda shimfiɗun duwatsun wurin sun lanƙwashe, gane wanne ke saman wanne ya yi wuya. Aune-aunen da aka yi ta maimaitawa ne suka tsayar da shi a wajen shekaru miliyan 160 zuwa 165. Shi zamanin Jurasik gaba ɗaya ya kama daga kimanin miliyan 201 zuwa 145.

Ɗanladi: Madalla, na gode Malam.

Nura: Malama Rabi, in koma kan tambayata. In duk na gefe ne, me ya sa suka yi kama da na yau haka har masana suka sa su a gida ɗaya?

Malama Rabi: Nura, wannan ita ce tambayar da na fi so a yi. Salamanda suna da wata ɗabi'a: wasunsu ba sa kammala rikiɗa daga ƙuruciya zuwa girma. Suna balaga, suna hayayyafa, amma jikinsu na ƙuruciya ne, da gaɓoɓin numfashin ruwa da komai. Aksolotil ta Meksiko ita ce aka fi sani. Akwai wata fara makauniya a kogunan ƙarƙashin ƙasa na Sulobeniya, akwai masu dogon jiki a kudu maso gabashin Amurka da ba su da ƙafafun baya sam. Waɗannan ba gida ɗaya suke ba, kowace da hanyarta ta isa ga wannan hali. Su ma manyan salamandar Sin da Japan ba sa kammala rikiɗar duka.

To ƙuruciyar salamanda kusan iri ɗaya ce ko'ina. Ƙasusuwan da ke bambanta gida da gida da yawansu a ƙarshen girma suke fitowa, wasu ma guringuntsi suke zama ba su taɓa yin tauri ba. In dabbobi biyu da ba su da kusanci suka tsaya a ƙuruciya, za su rasa ƙasusuwa iri ɗaya, sai lissafi ya ja su wuri ɗaya alhali rashin ne ya haɗa su ba gado ba. Chunerpeton irin waɗannan ce, da gaɓoɓin numfashinta ta girma.

Ga kuma wani abu. Wace salamanda ce za ta zama burbushi? Wadda ta mutu a tafki laka ta rufe ta. Wadda ke zaune ƙarƙashin ganyaye a daji ko a rafin kan tsauni, da ƙashinta siriri, ruɓewa take yi ba ta bar komai ba. Don haka duwatsu suna nuna mana mazauna ruwa ne galibi, mu kuma sai mu kwatanta su da mazauna ruwa na yau mu ce babu canji. Alhali kusan kashi biyu cikin uku na nau'o'in salamandar yau 'yan gida ɗaya ne da ba su da huhu kwata-kwata, da fata da rufin baki suke numfashi. Da yawansu ba sa shiga ruwa ko don ƙwai, ɗan yana ƙyanƙyashewa da siffar babba. Wasu suna harba harshe ya kai fiye da rabin tsawon jikinsu. A tsaunukan Alps akwai baƙar salamanda da ke ɗaukar ciki shekara biyu zuwa uku ta haifi 'ya'ya kammalallu. Ban ga yadda za a dubi wannan duka a ce dabba ce da ta tsaya wuri ɗaya ba, kuma yana damuna yadda wannan magana take sa mutane su raina abin da ya faru a cikin wannan dangi.

Malam Bashir: Ban raina ba, Malama, kuma ban ce ba su rarrabu ba. Abin da nake cewa shi ne ginin jikin. Ki kwatanta da kwaɗo. Triadobatrachus na Madagaska, tsohon dangin kwaɗo mai shekaru kusan miliyan 250, yana da gaɓoɓin ƙashin baya 14 ko 15 kafin ƙugu, da 'yar wutsiya, ƙafafunsa na baya ba na tsalle sosai ba ne. Kwaɗon yau gaɓoɓin nan ba sa wuce tara, wutsiya ta narke ta zama ƙashi ɗaya dogo, ƙugu ya miƙe. Zuwa farkon Jurasik, Prosalirus na Arizona, wanda Shubin da Farish Jenkins suka bayyana a 1995, ya riga ya samu ƙugun tsalle. Sisiliyan kuma fa? Eocaecilia daga waɗannan duwatsu na Arizona tana da ƙananan ƙafafu huɗu, na yau babu ko ɗaya. Cikin gidajen uku, biyu sun sake gini tun daga tushe. Salamanda ce kaɗai ta riƙe tsohon tsarin. Wannan gaskiya ce ko Chunerpeton tana ciki ko tana gefe.

Malama Rabi: A kan ginin jiki na yarda da kai. Amma wannan tsari ba na salamanda ba ne ita kaɗai, na dabbobi masu ƙafa huɗu ne tun farkonsu, shi ya sa Malama Hajara ta ga ƙadangare. Riƙe shi ba ya nuna gidajen yau sun wanzu a Jurasik, kuma wannan ne Nura ya tambaya.

Hajara: Ina biye da ku. To su ukun daga ina suka fito? Jurasik ne farkonsu?

Malam Isiyaku: A'a, sun girmi Jurasik sosai. Kwaɗo da salamanda reshe biyu ne na tushe ɗaya, don haka tunda akwai na gefen kwaɗo shekaru miliyan 250 da suka wuce, dole na salamanda ma ya riga ya kama hanyarsa a lokacin. Yawancin masana suna ganin tushen yana cikin wani babban rukuni na tsofaffin dabbobin ruwa da tudu da ake kira temnospondil. A 2008 aka bayyana Gerobatrachus daga Texas, ɗan shekaru kusan miliyan 290, mai faɗin kai irin na kwaɗo, da wasu ƙasusuwan ƙafa irin na salamanda. Akwai kuma haƙora. Na gidajen uku suna da wani tsari na musamman, saman haƙorin da gindinsa a rabe suke, wani layi mara tauri ya ratsa tsakani. An ga wannan tsari a wasu ƙananan temnospondil. Wasu masana ƙalilan suna ganin tushen yana wani rukuni daban, lefospondil, kuma asalin sisiliyan shi ya fi jawo gardama. Funcusvermis da aka bayyana a 2023 daga Arizona, mai shekaru wajen miliyan 220, ta ƙara wa masu ra'ayin farko ƙarfi.

Mafi tsufan salamanda ita ce Triassurus daga Madygen a Kirgistan, wajen shekaru miliyan 230. Ivakhnenko ne ya bayyana ta ita ma a 1978, amma samfurin bai fito sosai ba, aka yi ta shakka, sai a 2020 Rainer Schoch da abokan aikinsa suka kawo na biyu da ya fi kyau. Daga ita zuwa su Marmorerpeton akwai giɓin shekaru kusan miliyan 60 da babu wani burbushin salamanda da kowa ya aminta da shi. Sai kwatsam a tsakiyar Jurasik ga su a Ingila, Skotland, Saberiya, Kirgistan, Sin. Kusan duka a babban yankin arewa da ake kira Laurasiya, lokacin da dunƙulalliyar nahiyar Panjiya take tsagewa. Har yau yawancin danginsu ba su yi nisa da nan ba.

Aliyu: Su manyan temnospondil ɗin fa, sun ƙare kafin Jurasik?

Malam Isiyaku: Yawancinsu. Ƙalilan sun tsallake, kamar Siderops a Ostireliya. Na ƙarshe da aka sani, Koolasuchus, shi ma a can ya rayu har farkon Kiretashiyas.

Nura: Wani zai ce ciki ko gefe, me ya dame mu? Dabbar dai ta mutu.

Malama Rabi: Ya dame mu ƙwarai, Nura. Masu nazarin ƙwayoyin gado suna ƙididdige lokacin da gidajen dabbobi suka rabu ta hanyar auna bambancin da ya taru tsakaninsu. Amma bambancin shi kaɗai ba ya ba da shekara, sai an kafa masa ma'auni da burbushin da aka san shekarunsa da gidansa. An yi amfani da Chunerpeton a matsayin wannan ma'auni a bincike da dama, a kan cewa 'yar gidan manyan salamanda ce. In ba ita ba ce, duk shekarun da aka gina a kanta sai an sake duba su. Kuma ba daidai ba ne a dawo a ce ƙwayoyin gado sun gaskata burbushin, alhali burbushin ne ya ba su ma'aunin tun farko.

Malam Bashir: Wannan gargaɗi ne mai kyau. Amma bar Sin gaba ɗaya, mu tafi Saberiya. A mahaƙar kwal ta Berezovsk, Pavel Skutschas na Jami'ar St. Petersburg ya yi shekaru yana tsintar ƙasusuwan salamanda na tsakiyar Jurasik, sa'annin na Skye. A wuri ɗaya ya samu Urupia, babba ta gefe, ya samu Egoria da ya bayyana a 2020, ya kuma samu Kiyatriton wadda ya sa a cikin gida. Shi Skutschas ɗin yana cikin marubutan aikin 2022 da kika kawo. Ke nan na gefe da na ciki sun zauna tare a ruwa ɗaya, kuma na gefen ba su ƙare nan da nan ba, an samu wata a Yakutiya, gabashin Saberiya, har farkon Kiretashiyas. Ba layi ɗaya ba ne da tsoho ya kauce sabo ya hau.

Aliyu: Malam, in gutsattsari ne ake samu a can, da me ake gane ta ciki daga ta gefe?

Malam Bashir: Galibi da gaɓar farko ta ƙashin baya, wadda kai yake zaune a kanta. 'Yar ƙarama ce, milimita kaɗan, amma tana da tauri, tana jure wanki da tacewa. Tana da gurabe biyu a gaba inda ƙoƙon kai ke shiga, da ɗan tsini a tsakaninsu. A salamandar cikin gida akwai ƙaramin rami a kowane gefenta inda jijiyar farko ke fita. A su Karaurus da Urupia babu wannan rami. Sai a haɗa da yanayin fuskar ƙashin, ko sumul yake ko mai ramuka ne, da girmansa.

Malama Rabi: Haka ne, kuma na Saberiya sun fi ƙarfi a hujjarka a kan na Sin. Ban musa cewa 'yan cikin gida na iya kasancewa a tsakiyar Jurasik ba. Sai dai ka lura, rami a gaɓa ɗaya yana nuna dabbar ta matso kusa da gida, ba ya nuna ta shiga, domin alamomin ba rana ɗaya suka bayyana ba, ɗaya bayan ɗaya suka taru. Darasin Marmorerpeton ke nan: shekaru sama da 30 ana hukunci da gutsattsari, da aka ga kai da jiki tare lissafin ya sauya. Kiyatriton ma gutsattsari ce har yanzu. In an samu ƙoƙon kanta haɗe da ƙashin bayanta aka sa a na'ura, a lokacin za mu iya cewa ga gidan da take.

Malam Bashir: Berezovsk ba ya ba da cikakken kwarangwal, ruwa ne ya tara ƙasusuwan a warwatse. Na Sin su ne cikakku, amma a matse suke cikin dutse sun baje, gaɓar farkon ma da wuya a gan ta ta kowane gefe. Waɗanda suka fi kauri a cikinsu ya kamata a bi da na'urar hoton ciki ɗaya bayan ɗaya, a fara da Beiyanerpeton.